Robar Ƙanƙara a Bayan Kicin

Wata daga cikinku ta rubuto mini a ƙasan rubutun da ya wuce, wai ita fa ta gaji da ni. Mutum yana sona, ina sonsa, Umma ta yarda, to ina matsalar take, ko dai jan aji ne kawai irin namu na mata? 'Yar'uwa, ba jan aji ba ne. Gyara zama, yau zan buɗe muku firizar gidanmu ku ga abin da ke ciki.

Ga wanda yau ne ya fara karanta ni, ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa ke ce mini, har a shagon buga katuna inda nake yini gaban kwamfuta ina tsara wa mutane katin aurensu. Mu uku ne a gida tun rasuwar Abba: Umma, sai Yayata mai sana'ar kwalliya da ta dawo gida bayan aurenta ya mutu, sai ni. Kuma da ciwon zuciya aka haife ni.

Likitata ta taɓa zana mini shi a bayan wata takarda. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa. Ƙofar da ke tsakanin ɗakunan dama, tawa ba ta zauna a gurbinta ba, ta zame ƙasa, kuma ba ta rufuwa ruf. Shi ya sa ɗakin saman ya buɗe ya yi girma, na ƙasan ya tsuke. Akwai kuma 'yar huda a bangon tsakiya, ita ke sa leɓena ya yi duhu idan na hau bene da sauri. Ciwon yana da suna, sunan wani Bature ne, Umma ta yi ta gwada faɗinsa har ta haƙura. Irinmu ba mu da yawa. Duk sanda na je asibiti sai an turo ɗalibai su saurari ƙirjina, su jeru a layi kamar ana rabon wani abu.

Da wannan zuciyar na yi makaranta na gama, ba abin da ta hana ni sai guje-guje, wanda dama ba ya gabana. Abin da ya zo daga baya, bayan na girma, shi ne bugun. A irin zuciyata akan samu wata ƙarin hanyar lantarki, kamar wayar da aka ja ta bayan gida mai gidan bai sani ba. Ina zaune lafiya lau sai in ji ƙirjina ya yi tsalle ɗaya, daga nan zuciyar ta kwasa da gudu, babu birki. Jijiyar wuyana ta riƙa harbawa, kunnena ya toshe, maganar mutane ta koma nesa. A gidanmu ba a ce masa ciwo. Baƙo ake ce masa. Baƙon Auta ya zo.

Likita ce ta koya mana yadda ake korarsa. A cika roba da ruwa mai ƙanƙara, in ja numfashi, in tsoma fuskata gaba ɗaya in daure. Sanyin yana taɓa wata jijiya da ke ja wa zuciya linzami. Wani lokaci tsomawa ɗaya ta isa, wani lokaci sai na maimaita, sai in ji ƙirjin ya yi ɗif, ya tsaya kamar ba zai tashi ba, sannan ya dawo tafiyarsa ta mutunci. Saboda haka Umma ta sayi ƙatuwar firiza ta ajiye a bayan kicin. Da maƙwabta suka fara tambayar me mata uku ke yi da wannan uban ƙanƙara, sai ta fara sayarwa. Har yau unguwa ta ɗauka sana'a ce, kuma sana'ar ta karɓe ta.

Kar ku yi saurin zagin Ummata. Akwai wanda ya taɓa nemana kafin wannan, magana har ta yi nisa. Umma da kanta ta zaunar da shi ta gaya masa komai, don a lokacin gani take gaskiya ita ce mutunci. Ya ce ai ba komai, cuta da lafiya duk na Allah ne. Sati bai zagayo ba gwaggwanninsa suka zo duba ni, suna leƙa farcena suna tambayar ko ana gadonsa. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Na yi kuka, amma Umma ta fi ni jin abin. Ranar ta ce ta gama buɗe wa duniya cikinta, duk wanda ya sake zuwa, sai an ɗaura aure ya ji.

Sai ga Mai Tabarau. Haka muke kiransa a gida, haka kuma na ajiye lambarsa. Awon ido yake yi a wani shagon gilashi, can na raka Umma lokacin da allura ta fara gagararta zura zare. Dogo ne, marar hayaniya, rigarsa kullum a goge kamar ba ya zama. Ya gama da Umma ya ce ni ma in zauna ya duba ni, tunda aikin kwamfuta nake yi. Ya haska idanuna ya ce lafiyarsu ƙalau, ya kuma ce in bar lambata ko da za a kira idan gilashin Umma ya fito. Gilashi ya fito, kira bai tsaya ba.

Ina sonsa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Mutum ne da idan ka yi magana yake jira ka gama. Saƙonninsa ma irinsa ne, babu fulawa babu waƙa.

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Me kika ci?"

"Biskit."

"Wannan ba amsa ba ce, Auta."

Yakan zo da yamma ya zauna a falonmu, kujerar da ke kusa da taga. Kafin ya iso Yaya ta gama aikinta a kaina: hoda, kwalli, janbaki mai ɗan duhu wanda ko leɓena ya canja launi ba mai ganewa, mayafi mai kauri da ke rufe wuya har haɓa. Ita kuma ta zauna a ɗan lungun da ke bayan labule da wayarta a hannu. Ga yadda muka tsara. Idan baƙo ya zo muna tsakiyar hira, sai in zura hannu ƙarƙashin mayafi in tura wa Yaya ɗigo ɗaya, ba kalma ba, ɗigo kawai. Sai ta ɗaga labule ta ce, "Auta, Umma na kira." In miƙe a hankali in shige. A bayan kicin roba tana jirana, Umma riƙe da tawul. In tsoma, in ɗago, Yaya ta goge, ta sake zuba hoda, ta gyara kwalli, in koma falo in ce masa Umma ce ke neman makullin ɗaki. Makullin ɗakin nan ya ɓata ya fi a ƙirga.

Ba kullum abin ke faruwa ba, amma a 'yan watannin nan ya yawaita. Na gaya wa likitata. Ta ce ba ta son yadda baƙon ke yawan zuwa, lokaci ya yi da za a yi mini wani aiki: a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya, a nemo ƙarin hanyar nan a ƙone ta. Umma ta ce to, Allah Ya kai mu, bayan biki. Kwanciya asibiti ba ta ɓoyuwa, kuma ai ƙanƙara tana aiki. Ni ma ban musa ba. Gaskiyar magana tsoron wayar nake ji, kuma tsoron rasa shi ya fi.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da hantsi, ina wankin mayafaina sai ga saƙonsa.

"Kina gida? Ina son mu yi magana. Ba zan daɗe ba."

Bai taɓa zuwa da safe ba. Na nuna wa Yaya, ta ce ƙila maganar sa rana ce, tunda mutanensa sun ce ƙarshen wata za su zo. Ta zaunar da ni a bakin gado ta hau aiki. Doguwar riga ruwan toka na sa, mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi ruwan hoda. Umma ta sa aka kunna turare a falo, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai an yi baƙi.

Da na shiga na gaishe shi, ya amsa, amma bai ɗago ya tsokane ni yadda ya saba ba. Shayin da na zuba masa ya huce a gabansa. Makullin mota yake juyawa a hannu. Ya tambayi Umma, ya tambayi aiki, ya ce zafi ya yi yawa kwanan nan. Na ce ƙwarai. Sannan ya ajiye makullin.

"Auta, zan faɗi wata magana, ki bari in kai ƙarshe. Na zo ne in sauke miki nauyi."

Gabana ya faɗi, faɗuwar gaba ta kowa da kowa, ba ta ciwo ba.

Ya ce shi aikinsa ke nan tun safe har yamma, kallon idon mutane. Ya daɗe yana lura. Muna cikin hira sai in yi shiru, in daina jin abin da yake cewa, hannuna ya shige ƙarƙashin mayafi yana taɓa waya. Sai a kira ni ciki. In dawo da ido ja, fatar idon a kumbure, hodar fuskata sabuwa, gefen mayafina a jiƙe. Ya ce da farko ya ɗauka sau ɗaya ne, wani abu ya ɓata mini rai. Da abin ya yi ta maimaituwa sai ya fahimta.

"Kuka kike shiga ki yi. A lallashe ki, a gyara miki fuska, a turo mini ke."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

Ya ce ya san yadda gida yake idan mace ta kai shekaruna, ya san Umma tana son ta ga ta sauke nauyi, kuma bai ga laifinta ba. Ko akwai wani a raina, wanda nake tura wa saƙo, ko babu kowa, shi ne dai bai kwanta mini ba, duk ɗaya ne a wurinsa. Ba zai zauna da matar da sai ta yi kuka kafin ta iya zama da shi ba. Zai ce wa mutanensa shi ne ya fasa, ba wanda zai ɗora mini komai. Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma kunnuwansa sun yi ja, kuma bai iya kallona ba.

Jama'a, ku dubi wannan aiki. Mata uku, firiza guda, da hodar da Yaya ta yi ta ƙararwa a fuskata, duk don kar mutumin nan ya gudu. Ga shi zai tafi, kuma mu muka nuna masa ƙofa. Dariya ta so ta kama ni, kuka ma ya so, ban samu yin ko ɗaya ba, don daidai nan ƙirjina ya yi tsallen nan.

Wayata tana kan cinyata. Yatsana ya san hanya, har ya kai kan ɗigon. Na san idan na tura, Yaya za ta ɗaga labule, in shiga, in dawo da jan ido, shi kuma ya ga shaidarsa ta ƙarshe ya ɗauki makullinsa. Na kife wayar a kan kujera.

"Yaya," na ce da ƙarfi, "kawo robar nan falo."

Labule bai motsa ba. Na sake kira. Yaya ta leƙo da ido waje, tana yi mini alama da baki wai na haukace ne. Umma ta fito daga kicin da tawul a kafaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta kalle ni, irin kallon da tun ina yarinya yake sa in ajiye duk abin da na ɗauka.

"Auta, taso ki zo."

"Umma, ki yi haƙuri. A nan zan yi."

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Yaya ta ga babu sarki sai Allah, ta kawo robar ta ajiye a kan teburin tsakiya, kusa da kofunan baƙi, ƙanƙara tana karo da juna a ciki. Na zame mayafin daga wuyana. Na ce masa ya kalli nan, gefen wuya. Ya kalla, ya ga jijiyar tana rawa. Na ja numfashi na tsoma fuskata.

Na ɗago ruwa yana zuba a rigata, kwalli ya gangaro har haɓa. Na ce masa, da numfashi guntu-guntu, wannan shi ne kukan. Ciwon zuciya gare ni tun haihuwa. Ɗigo nake tura wa Yaya, ba wani namiji ba. Shi dai yana zaune baki buɗe, hannunsa ɗaya a sama kamar zai taimaka bai san ta ina ba.

Na jira ɗif ɗin nan da na saba. Bai zo ba. Na sake tsomawa, na daure har kaina ya sara. Bugun ya ɗan lafa kaɗan ya sake kwasa. Kuma ba irin gudun da na sani ba ne. Wanda na saba, duk saurinsa a jere yake tafiya. Wannan tuntuɓe yake yi, ya ruga, ya tsaya, ya ruga. Falon ya fara juya mini. Umma ta manta da fushi, ta ce Yaya ta ƙaro ƙanƙara, ruwan ne ya huce. Aka ƙaro. Na tsoma na uku, Yaya ce ta ɗago ni, don hannuna ya ƙi riƙe bakin teburin. Janbakin ya wanke, kowa ya ga launin leɓena.

Ya miƙe ya ce a tafi asibiti. Umma ta ce ba komai, yanzu zai wuce, ya je abinsa kar a ɓata masa lokaci, in ma ta kama za su nemi tasi.

"Umma, motata tana ƙofa," ya ce. Ya je ya buɗe ƙofar bayan motar ya tsaya.

A hanya kaina yana cinyar Yaya, Umma a gaba tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Ina jin yadda yake taka birki a hankali a kowane rami.

A sashen gaggawa suka ɗora ni a gado, suka ja labule, nas ta manna mini wayoyi a ƙirji, ta sa mini robar iska a hanci, ta nemi jijiya a bayan hannuna. Na'urar da ke saman kaina ta fara ƙara, lambar da ke jikinta tana hawa tana sauka, duk sama da ɗari da hamsin. Allah Ya taimaka likitata tana cikin asibitin. Gajeriyar mace ce mai saurin magana, takalminta ba ya ƙara, sai dai ka gan ta a kanka. Ta karɓi doguwar takardar awon bugun ta bi ta da ido, ta tambayi yaushe ya fara. Na ce ɗazu da hantsi. Ta tambaya ko na tabbata, ba tun jiya ba. Na ce na tabbata. Ta tambayi sau nawa na tsoma fuska. Yaya ta faɗa.

Ta ce wannan ba baƙon da muka saba da shi ba ne. Wancan zagaye yake yi ta ƙarin hanyar, shi ya sa sanyi ke katse shi. Wannan daga ɗakin saman nan da ya buɗe yake tasowa, bangon ɗakin ne gaba ɗaya yake karkarwa maimakon ya matsa, kuma ko firizar duka na shiga ba zai tsaya ba. Ga mai ƙarin hanya irina yana da haɗari, don hanyar tana iya zuba wa ɗakunan ƙasa duk wannan gudun. Jinina ya fara sauka. Za su yi mini allurar barci su ba zuciyar shokin lantarki sau ɗaya ta dawo kan hanya, yanzu, ba anjima ba.

Sai ta juya ta gan shi a tsaye a bakin labule, riƙe da jakar Umma da takalmina ɗaya.

"Wannan fa? Akwai sauran maganar da ta iyali ce."

"Maƙwabci ne," Umma ta ce. "Taimako ya yi ya kawo mu. Bawan Allah, mun gode, ka je ka huta."

Ya sunkuya zai ajiye takalmin. Na janye robar hancin.

"Wanda zan aura ne, likita. In ya yarda ya tsaya, ya tsaya. Ki faɗi duka, har maganar haihuwa."

Umma ta rufe ido. Shi kuma ya miƙe da takalmin a hannu, ya matso ciki, ya saki labulen a bayansa.

Likitata ba ta iya zagaye-zagaye ba, ga shi tana sauri, ana haɗa allura a gefenta. Ta ce aikin wayar nan ba zai jira biki ba. Bayan yau zan fara shan maganin tsinka jini na wani lokaci. Ƙofar zuciyar ma za a sake auna ta, wataƙila wata rana sai an buɗe ƙirji an gyara. Haihuwa kuma, mata da yawa masu irin ciwona sun haihu lafiya, amma ba ciki ne da za a wayi gari da shi kawai ba. Sai an gyara bugun, an duba hudar, an canja magunguna, an zauna an tsara. Zai yiwu a ce mini to. Zai yiwu a ce ɗaya ya isa. Zai yiwu kuma a ce a'a, kuma ita ba za ta yi masa alƙawarin abin da ba ta sani ba.

Ya saurara yadda yake saurara, har ta gama. Tambaya ɗaya ya yi, ko zan ji zafin shokin. Ta ce ba zan ma san an yi ba. Ta ce kowa ya fita.

Umma ta tofa mini addu'a a goshi ta fita, Yaya ta bi ta. Shi ne na ƙarshe. Na ce masa in na farka zan same shi? Na san tambayar rashin kunya ce, amma wanda ke kwance da wayoyi a ƙirji an yafe masa.

"Za ki same ni," ya ce. "Abin da zan ce miki ne ban sani ba tukuna."

Na fi son wannan amsar da a ce ya rantse mini. Nas ta tura allurar, hannuna ya yi sanyi, fitilar sama ta rabu biyu.

Da na farka rana ta yi sanyi, an mayar da ni wani ɗaki mai gado biyu, ɗayan babu kowa. Fatar ƙirjina tana ɗan zafi kamar na jingina da murfin tukunya. Amma ciki shiru. Na'urar tana ƙara a jere, ba gaggawa. Yaya ce kaɗai a gefena, ta cire ɗankunnenta, idonta ya yi luhu-luhu. Na tambayi Umma, ta ce ta je salla. Ban tambayi ɗayan ba, Yaya ta gane.

Ta matso da kujera ta rage murya. Wai ana jan labule a kaina Umma ta ja shi ƙarshen baranda. Ta ba shi haƙuri a kan maganar maƙwabci. Ta gaya masa labarin wancan na farko da gwaggwanninsa. Sannan ta roƙe shi, har tana kama gefen mayafinta, ta ce tunda Allah Ya sa ya ji, ya ji, amma ya rufa mana asiri a wurin mutanensa. Ya bari a yi biki. Kwanciyar nan a ce zazzaɓi ne. Aikin wayar ma za a san yadda za a yi, a ce na je wurin dangi. Wato dai Umma ta samu ma'aikaci na huɗu.

Na ce to me ya ce? Yaya ta ce ya saurari Umma har ta gama. Sannan ya ce wa Umma ta yi haƙuri, ya fita waje da waya a kunne. Iyakar abin da ta gani ke nan.

Umma ta dawo da carbi a hannu. Ta taɓa goshina, ta gyara mini bargo, ta zauna a ɗaya gadon ta juya fuska ga taga. Ba ta yi mini faɗa ba. Na so a ce ta yi. Tausayinta ya kama ni, don duk abin da ta gina saboda ni ta gina shi, kuma ni na rushe shi a gaban baƙo.

Can sai ga shi ya yi sallama. Rigar nan da ba ta yamutsewa ta yamutse, akwai tabon kwallina a hannunta, ban san sanda ya same shi ba. Ya gaida Umma, ta amsa ba ta juyo ba. Ya tsaya a ƙarshen gadon, ya kalli na'urar, ya kalle ni, ya tambayi jiki. Na ce da sauƙi.

"Maganar da na zo da ita da safe, na janye ta," ya ce. "A kan kuskure na gina ta."

Yaya ta sauke ajiyar zuciya. Ni ban sauke ba, na ga bai gama ba.

"Amma na kira Hajiyarmu. Na gaya mata duk abin da likita ta ce, ban rage ko ɗaya ba. Umma, ki gafarce ni. Na zauna a falonku ana yi mini ɓoye-ɓoye, na san yadda yake. Ba zan iya yi wa mahaifiyata ba."

Umma ta juyo. Ta tambaye shi, da wata murya ƙarama da ban san tana da ita ba, me Hajiyar ta ce. Ya ce sunan asibitin da lambar ɗaki kawai ta tambaya. Ƙaninsa ya ɗauko ta, sun shigo harabar tun yana waje.

Hajiyarsa sau ɗaya na taɓa ganinta, daga nesa, mace mai jiki da farin gilashi, wadda aka ce ba ta maimaita magana. Na kalli kaina: rigar asibiti mai igiya a baya, robar iska a hanci, allura a hannu, gashina a hargitse ƙarƙashin ɗan ƙyallen da nas ta ɗaura mini. Lambar da ke jikin na'urar ta ɗan hau, kowa a ɗakin ya gani.

Muka ji takun mutum mai nauyi a baranda, a hankali, yana tsayawa a kowace ƙofa. Takun ya tsaya a tamu. Aka yi sallama.

Umma ta miƙe tana gyara mayafi, bakinta yana motsi amma murya ta ƙi fita. Ni na amsa, na ce ta shigo.